Dodon Tatsuniya da Dodon Jita-Jita: Tsokaci a Kan Karatun Labaran Ban Tsoro da Dare

Gabatarwa

Hausawa kan ce dare mahutar bawa, su kuma ce dare rigar mugu. Maganganun nan biyu duk gaskiya ne, kuma a tsakaninsu tambayar wannan maƙala ta faɗo. Ɗan Adam mai gudun abin tsoro ne. Yakan katange gida, ya sa wa ƙofa sakata, ya kunna fitila, ya yi addu'a kafin ya kwanta, duk don ya nesanta fargaba daga makwancinsa. Amma shi ɗin dai, bayan ya gama waɗannan, sai ya hau gado ya jawo littafin gajerun labarai na fatalwa da mayu da matattun da suka ƙi kwanciya, ko ya buɗe irinsu a wayarsa, ya yi ta karatu tsigar jikinsa na tashi har barci ya sace shi. Mun san wannan ɗabi'a a ɗakunan kwanan ɗalibai, inda littafi ɗaya kan zaga hannu goma kafin ya koma ga mai shi, bangonsa a yage.

A wani wuri ana iya ɗaukar wannan batu abin hira kawai. A Kafanchan da sauran garuruwan kudancin Kaduna nauyinsa ya wuce haka. Nan ƙasa ce da ta san tsoron dare na haƙiƙa, ta san dokar hana fita, ta san kwana a daji ko a barikin soja da goyo a baya. Saboda haka tambaya biyu muke son dubawa. Ta farko, mene ne daɗin da ke cikin tsoron da mutum ke nema da kansa? Ta biyu, shin ya dace jama'ar da ta ɗanɗani tsoro na gaske ta mai da shi abin nishaɗi? Ra'ayinmu shi ne, labarin ban tsoro ba shi da aibi muddin yana da ƙofar shiga da ta fita, kuma muddin dodon da ke cikinsa bai ari fuskar maƙwabci ba.

Tsohuwar Al'ada Ce

Kafin littafi akwai tatsuniya, ita kuwa tatsuniya 'yar dare ce. Har camfi aka kafa a kanta, cewa wanda ya yi ta da rana zai ɓata a kasuwa, sai fa idan ya ɗaure Gizo. Bayan cin tuwon dare yara kan taru a ɗakin kaka ko na amarya, kuma abin da suke ji ba wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi kaɗai ba ne. Akwai Dodon da ke haɗiye gari sukutum da mutanensa da dabbobinsa. Akwai budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har Dodo ya rikiɗa ya zo mata a saurayi sumul, ta bi shi, sai da suka yi nisa a daji ya koma siffarsa. Yara kan ƙanƙame juna su cusa kai a zanen kaka, amma gobe su ne masu roƙon a maimaita.

Ƙasar Jama'a tana da rabo a tarihin rubuta waɗannan tatsuniyoyi. Wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. N. Tremearne ya zauna a Jama'an Daroro, tsohon mazaunin Sarkin Jama'a, a shekarun 1908 da 1909, tun jirgin ƙasa bai iso Kafanchan ba. Ya tattara tatsuniyoyi daga bakin masu jin Hausa, kuma a 1913 ya buga guda ɗari a littafinsa Hausa Superstitions and Customs, inda Dodo da mayu suka sami babban gurbi. A daidai wannan zamani, tsakanin 1911 da 1913, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku. Idan muka dubi manyan littattafan hira da muka gada, za mu ga su ma da dare aka gina su, kuma a bakin ramin mutuwa. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad tana ba da labari ne don kada a sare kanta da asuba. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce na Abubakar Imam, aku yana jan hira ne don ya hana ɗan sarki Musa fita, alhali makircin Waziri na jiran sa a waje. A duka biyun labari ne ya tsaya tsakanin mutum da ajalinsa har gari ya waye.

Sauran al'ummomi ma haka suke. 'Yan'uwan nan biyu na Jamus, wato Grimm, sun fara buga tatsuniyoyin ƙasarsu a 1812, cike da mayu masu cin yara. A 1816 wasu marubutan Ingila da ruwan sama ya tsare a wani gida kusa da tafkin Janeba suka yi gasar ƙaga labarin fatalwa, daga nan Mary Shelley ta samo Frankenstein, wanda ya fito a 1818. M. R. James, malami a Jami'ar Kambirij, ya saba tara abokansa a daren jajibirin Kirsimeti ya karanta musu labarin da ya rubuta a hasken kyandir, har ya haɗa kundinsa na farko a 1904. Kamfanin Pan na Landan ya fitar da kundin gajerun labaran ban tsoro har juzu'i 30 tsakanin 1959 da 1989. A nan gida, D. O. Fagunwa ya shigar da maharbinsa kurmin aljanu da Yarbanci a 1938, Amos Tutuola ya bi sawunsa da Turanci. Adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga shekarun 1980, bai tsaya ga soyayya ba, ya cika rumfuna da littattafan matsafa da aljanu. Al'adar da ta game duniya haka, lalle akwai wata buƙata ta ɗan Adam da take biya.

Ina Daɗin Yake?

Masana falsafa sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Aflatun, a littafinsa na tsarin gari nagari, ya nemi a hana ba yara labaran firgici na lahira, domin a ganinsa suna sa matsorata, kuma matsoraci ba ya tsaron gari. Almajirinsa Aristotil ya saɓa masa. Ya ce wasan kwaikwayon baƙin ciki yana tayar da tsoro da tausayi ne don ya wanke su daga zuciya, kamar yadda ake shan magani mai ɗaci a fitar da cuta. A 1757 Edmund Burke ya ƙara wani sharaɗi, wato tazara. Haɗari idan ya matso jiki azaba ne tsantsa, amma idan ana hangen sa daga inda ba zai iso ba, yakan zama abin sha'awa. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin magangarar ruwa ta Matsirga da damina ya san wannan. Rugugin ruwan yana kaɗa hanji, duk da haka mutane na zuwa daga nesa don su ji shi, saboda ƙafarsu na bisa dutse. Wanda ruwan ya ja ba ya ganin kyan komai.

Binciken zamani bai yi nisa da wannan ba. Idan mutum ya tsorata, jiki kan saki sinadarin da ke sa zuciya bugu da sauri, numfashi ya ƙaru, ido da kunne su buɗe, don shirin gudu ko faɗa. Idan hankali ya tabbatar babu abin gudu, sai wannan tashin jini ya koma wani irin annashuwa, sannan sanyin jiki ya biyo baya. A 2020 wasu masu bincike na Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak sun auna bugun zuciyar mutum 110 da suka shiga wani gidan wasa da aka shirya don tsoratarwa. Sun gano cewa daɗin ya fi yawa a tsaka-tsaki. Idan tsoron ya yi kaɗan abin ya zama lami, idan ya yi yawa daɗi ya gudu. Tsoro a nan kamar yaji ne a miya.

Wannan ya bayyana mana dalilin da ya sa gado da gajeren labari suka dace da juna. Gado shi ne wurin da mutum ya fi samun aminci, don haka tazarar da Burke ya ambata ta fi cika a can. Shi kuwa gajeren labari, kamar yadda Edgar Allan Poe na Amurka ya nuna, ƙarfinsa yana cikin a karance shi a zama ɗaya. Yana da ƙarshe, kuma ƙarshen yana kusa. Damuwar da ke hana ɗalibi barci, irin ta kuɗin makaranta da jarrabawa da rashin lafiyar mahaifiya a ƙauye, ba ta da siffa kuma ba ta da shafin ƙarshe. Labari kan tattara wannan fargaba mai yawo ya ba ta suna da jiki, ya ce ga ta, Dodo ce, sannan ya rufe ta cikin shafi goma.

Kakanninmu sun riga masana gane wannan, shi ya sa suka yi wa tatsuniya shinge. Mai bayarwa ya ce ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su ce ta zo mu ji ta. Wannan neman izini ne, kuma ba a shiga sai an ba da shi. A ƙarshe a ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera, har a ƙara da cewa ba don Gizo ba da an yi ƙarya. Wato mai tatsuniya da bakinta take shaida wa yara cewa abin da suka ji ƙage ne, su je su kwanta. Bangon littafi na gaba da na baya su ne suka gaji wannan aiki.

Wa Ke Riƙe da Gora?

Sai dai ba kowane tsoro ne ake shiga da izini ba, kuma tarihin wannan yanki ya ba mu misali mai kyau. Kafin yaɗuwar Kiristanci da Musulunci, Atyap da Bajju da maƙwabtansu suna da tsarin da Atyap ke kira Abwoi, Bajju ke kira Abvoi, masu jin Hausa kuwa suka sa masa suna Dodo, kamar yadda Maguzawa ma suke da nasu. An ɗauka cewa kakannin da suka rasu ne ke dawowa su yi magana. Muryar kuwa daga guntun icen gora mai rami take fita, wanda aka rufe bakinsa ɗaya da yanar gizo, ana busa ɗaya bakin, sai sauti ya fito wanda bai yi kama da na bil'adama ba. Da wannan murya ake tsawatar wa ɓarawo, a sasanta rigima, a kafa dokar gari. Idan yaro namiji ya kai munzali, sai a kai shi wurin, a tsorata shi, sannan a nuna masa gorar, a rantsar da shi kada ya faɗa. Mata kuwa ba a nuna musu har abada, aikinsu dafa abinci da kawo giya.

Ba mu kawo wannan don raina al'adar kowa ba. Tsari ne da ya riƙe jama'a shekaru aru-aru ba tare da ɗan sanda ko kurkuku ba. Abin da muke so a lura da shi shi ne, murya ɗaya ce, amma masu jin ta kashi biyu ne. Wanda ya ga gora yana iya jin tsigar jikinsa ta tashi, amma ya san hannun mutum ne a baya. Wanda bai gani ba, tsoron mulkin sa yake yi. Mai karanta littafin ban tsoro yana cikin kashi na farko. Ya san sunan marubuci, ya san kuɗin da ya biya, ya san zai iya rufewa a duk layin da ya ga dama.

Akwai wani labari na gaskiya daga wannan ƙasa da ke ƙara haske. Wajen 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a ramin haƙar kuza a ƙasar Jama'a. Wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa a matsayin mutum-mutumi, ya shekara yana korar tsuntsaye, kafin ya isa hannun Bernard Fagg, wanda ya gane cewa ɗan'uwan waɗanda aka samu a ƙauyen Nok ne tun 1928. Yau duniya ta san fasahar Nok tana cikin mafi daɗewa a Afirka ta Yamma, ta haura shekara dubu biyu. Fuska ɗaya ce, tsuntsu ya gan ta ya gudu, masani ya gan ta ya yi mamakin gwanintar magini. Bambancin yana ga sanin cewa yumɓu ne.

Ƙorafe-Ƙorafen Masu Suka

Masu sukar wannan karatu suna da hujjoji, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Na farko sun ce yana ɓata barci, ya jawo mugun mafarki, har wasu su danganta shi da dannau. Wannan gaskiya ne ga wasu mutane, musamman ƙananan yara waɗanda ba su gama rarrabe ƙage da zahiri ba. Amma kaka ta san wannan. Tana kallon fuskokin jikokinta a hasken aci-balbal, idan ta ga abin ya yi wa ƙarami yawa sai ta sassauta, ta jawo Gizo ya ba da dariya. Littafi da waya ba su da ido, don haka aikin ya koma kan iyaye da yayye, shi kuma babba ya san ma'aunin kansa. Musulmi da ke karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, da Kirista da ke karanta Zabura ta 91 kafin barci, duk sun san cewa abin da zuciya ta kwana da shi yana da muhimmanci.

Na biyu sun ce yawan karanta zubar da jini yana busar da zuciya. Nan dole mu rarrabe. Akwai labarin da ba shi da komai sai yanka da ƙwaƙule ido, wanda ya mai da jikin ɗan Adam kamar nama a teburin mahauci. Irin wannan ko a ma'aunin adabi ba shi da daraja, kuma a garin da mutane suka binne 'yan'uwansu a kabari ɗaya, rashin kunya ne a kira shi nishaɗi. Amma labari nagari tsoronsa daga tausayi yake fitowa. Muna jin tsoro ne saboda mun damu da budurwar da ke bin Dodo cikin daji. Wanda zuciyarsa ta bushe ba ya jin tsoron labari, hamma yake yi.

Na uku, wanda ya fi nauyi, sun ce labaran mayu suna ƙarfafa zargin maita. A garuruwanmu, na Musulmi da na Kirista, an sha jifan tsohuwa ko korar maraya saboda wani ya yi zazzaɓi ya ambaci suna. Wannan ƙorafi ba mu da amsar da za ta rushe shi, domin shi ne ya kai mu ga ainihin haɗarin, wato lokacin da Dodo ya tsallake shinge ya sauka a kan wani mutum mai suna da gida.

Dodo Mai Fuskar Maƙwabci

Mu koma ga Tremearne. Shekara guda kafin littafin tatsuniyoyinsa, wato a 1912, ya buga wani mai suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, ma'ana mafarautan kawuna masu wutsiya, kuma mutanen Kagoro da maƙwabtansu yake nufi. Wutsiyar da ya ambata ado ce da matan aure ke ɗaurawa a baya. Ko da akwai al'adun yaƙi da ya tarar, sunan da ya zaɓa ya nuna kasuwar da yake nema. Ya ba mutanen Ingila abin karantawa a gado, amma dodanninsa mutane ne masu rai, manoma masu 'ya'ya, a daidai shekarun da sojojin mulkin mallaka ke hawa duwatsunsu da bindiga. Wanda aka riga aka mai da Dodo, ƙona ƙauyensa ba ya tayar wa kowa hankali.

Ba Bature kaɗai ya iya wannan ba. Jita-jita ita ma gajeren labarin ban tsoro ce, kuma gininsu ɗaya: dare, baƙin da ba a san su ba, makamai da aka ɓoye, rijiyar da aka zuba wa guba, motar da aka gani cike da gawa. Abin da ta rasa shi ne shinge. Ba ta neman izini, ba ta da marubuci sai an ce, ba ta da ƙurunƙus, kuma rantsuwa take yi cewa gaskiya ce. A ƙarshenta ba a cewa a je a kwanta, cewa ake yi a tashi.

Ranar 6 ga Maris 1987 saɓani ya tashi tsakanin ɗalibai Kirista da Musulmi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan kalaman wani mai wa'azi. Faɗan ya fita cikin gari, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Cikin 'yan kwanaki labarin ya isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, ya isa kuwa da ƙari a kan abin da ya faru, aka ƙona majami'u masu yawa da dukiyar mutanen da ba su taɓa taka Kafanchan ba. A Fabrairun 1992 rikici ya ɓarke a Zangon Katab a kan mayar da kasuwa sabon wuri, ya sake tashi a watan Mayu da muni, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, wuta ta ci Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, har babbar kasuwar garin ta ƙone, kuma a wannan karo saƙon waya ya riga mota isa. Ba mu ce jita-jita ce tushen waɗannan fitinu ba. A ƙarƙashinsu akwai tsofaffin koke-koke na ƙasar noma da sarauta da rabon mulki, waɗanda sai adalci zai warkar. Amma jita-jita ce ke ɗaukar mutumin da jiya ya ba ka bashin gishiri ta sa masa ƙaho da wutsiya kafin asuba. Kowane ɓangare yana da nasa kundin, kuma a kowane kundi ɗaya ɓangaren ne Dodo. Haka gidan rediyon nan na Ruwanda ya yi a 1994 da ya riƙa kiran 'yan ƙabilar Tutsi kyankyasai. Haka kuma, a ƙaramin sikeli, labarin shafi-mulera ya sake tashi a Abuja da wasu jihohi a 2023, aka lakaɗa wa bayin Allah duka saboda sun gaisa da wani.

Abin mamaki, kalmar da muka zaɓa wa intanet ita ce yanar gizo, abin da masu Abwoi ke rufe bakin gora da shi don kada a gane muryar mai magana. Muryar da ke shigo mana waya da ƙarfe ɗaya na dare tana cewa ga su nan tafe, ta cikin yana ta biyo, kuma mafi yawanmu ba mu ga mai busawa ba. Addinan da muke bi duka sun yi hani da wannan. Musulunci ya haramta firgita mutum ko da wasa, ya kuma ɗauki faɗin duk abin da kunne ya ji a matsayin ƙarya. Dokokin da aka ba Annabi Musa, waɗanda Kirista ke haddacewa tun suna yara, sun hana shaidar zur a kan maƙwabci.

A nan ne muke ganin wani amfani na labarin ƙage wanda ba a cika ambata ba. Mai karatun da ya saba da shi ya san dabarun sana'ar. Ya san yadda marubuci ke ɓoye fuskar Dodo don zuciya ta ƙarasa zanen, ya san yadda ake jan rai, ya san amfanin cewa wani ya gani da idonsa. An nuna masa gora ke nan. Idan ya yi karatun da hankali, ranar da aka turo masa labari maras shinge zai ji ƙanshin ƙage a jikinsa, ya tambaya: wa ya faɗa, wa ya gani, wa zai ci riba idan na tsorata?

Kammalawa

Amsarmu ga tambayar farko ita ce, daɗin labarin ban tsoro daɗin tsira ne. Mutum ya leƙa rami, ya ja da baya, ya sami kansa a kan gadonsa lafiya. Amsarmu ga ta biyu ita ce, ya dace, har ma ga mutanen da suka ga tashin hankali, in dai su suka zaɓa, domin mai rauni shi ya san lokacin da zai iya taɓa tabonsa, kuma ba a tilasta wa kowa. Ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe uku ne. Shin da izinina na shiga? Shin labarin ya yarda cewa ƙage ne, kuma yana da ƙarshe? Shin bayan na rufe shi tausayina ga mutane ya ƙaru, ko kuwa wata ƙabila ko wani addini ko wata tsohuwa a unguwarmu na fara kallo a karkace?

Ga 'yan'uwanmu masu rubutu a wannan mujalla, kayan aiki na nan jibge a ƙofar gida, ba sai an aro tsofaffin gidajen Turai ba. Ga tashar jirgin da ta raya Kafanchan tun 1927, da taragan da suka daɗe a yashe. Ga kogunan duwatsun Kagoro, ga ramukan kuza da ruwa ya cike, ga kufan Jama'an Daroro. Sai dai a tuna cewa labaran da suka fi daɗewa a zukata su ne waɗanda suka sa Dodo a cikin ƙirjin mai ba da labari. A wani labarin Poe na 1843, mai kisan kai ya binne gawa a ƙarƙashin daɓen ɗaki, babu wanda ya zarge shi, amma ya riƙa jin bugun zuciyar mamacin har ya tona wa kansa asiri. Irin wannan labari ba ya tura kowa gidan maƙwabci da adda. Yana sa mai karatu ya kwanta yana binciken kansa.

Ranar 23 ga Maris 2016 wakilan al'ummomi 29 daga ƙananan hukumomi biyar suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, inda suka nemi gafarar juna. Kafin shekarar ta ƙare an sake zubar da jini a Godogodo da Goska. Wannan ya nuna cewa fitina ta zahiri ba a rufe ta da kalma ɗaya yadda kaka ke rufe tatsuniya. Aiki ne na kullum, kuma wani yanki nasa yana hannun kowane ɗayanmu da dare, lokacin da labari ya shigo waya yana neman a tura shi gaba. Na cikin littafi a karanta shi a ji daɗi, a yi addu'a, a kashe fitila. Wanda ya zo babu sunan mai shi, yana nuna gidan wani da yatsa, a bar shi ya kwana a inda ya tarar da mu.